Mai Zane Shi Ne Mai Gini

'Yan uwana mata, a da nan Kurya Madaro magini ɗaya ake kira. Shi zai shata fili da ƙafarsa, nan zaure, nan shigifa, can ɗakin uwargida, shi kuma zai ɗora tubali har ya rufe da azara. Ko masallacin Juma'a na Zariya, Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya tsara ya gina, zamanin Sarki Abdulkarimu (1834-1846). In soro ya yi yoyo, an san ƙofar da za a buga.

Da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, kwano da siminti suka samu hanya, a hankali aiki ya rabu. Mai zane na Gusau, magini na nan. Bango ya tsage, kowa ya ce laifin wancan ne, mu da yara muke kwana ƙarƙashinsa.

Yanzu wasu sun koma ba ɗan kwangila guda duka biyun. To amma fa maginin da gado ya yi, gari ya san gidan ubansa, kunya ke tsare shi. Na yau in ya rage siminti a bulo, wa zai gani? Ki matsa wa maigida ya nemo mai ido ya duba harsashi kafin a binne, a kuma tambaye ki inda madafi zai zauna, tunda idonki hayaƙi ke shiga.