Tsakanin harbi da jana'iza: yadda ake tsare shaida a wurin da aka aikata laifi

A yankin Zobe, wato Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwan da aka kammala a 1983, kowa ya san abin da ke biyo bayan harin dare. Gari na wayewa jama'a su cika gida, a ɗauko gawa a lulluɓe, a zuba ƙasa a kan jini, yara su tsince kwanson harsasai, a yi jana'iza kafin azahar. Kafin motar 'yan sanda ta iso, sai labari. Ita kuwa kotu, sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya wajabta mata kada ta kama mutum da laifi sai an tabbatar da shi ba tare da wani shakku mai ma'ana ba. A 'yan sa'o'in nan na farko shari'a da yawa ke mutuwa tun ba a shigar da ita ba.

Tushen wannan ilimi ƙa'ida ce da ake danganta wa Edmond Locard, wanda ya buɗe ɗakin binciken kimiyya na 'yan sanda a birnin Liyon na Faransa a 1910: duk wanda ya taɓa wuri zai bar wani abu nasa, zai kuma tafi da wani abu na wurin. Wannan ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Masu bin sawun dabbobin sata sun daɗe da sanin cewa ƙasa tana riƙe labari, kuma abin da suka fi roƙo shi ne kada a tattake sawun.

Wanda ya fara isa

Abu na farko da ake koya wa kurtun ɗan sanda shi ne ceton rai. Idan akwai mai sauran numfashi a kai shi asibiti, ko da hakan zai ɓata wasu alamomi, sai dai a lura da inda yake kwance. Daga nan sai killace wuri. In babu zaren da aka tanada, igiya da turaku sun wadatar, kuma gara a killace fiye da kima, domin ana iya rage da'ira amma ba a iya dawo da sawun da aka taka. A ware hanya ɗaya ta shiga da fita, a rubuta sunan duk wanda ya shiga da lokacinsa, ko hakimi ne ko shugaban ƙaramar hukuma. Masu rakiyar manya zuwa jaje sukan yi wa shaida ɓarnar da ta fi ta ruwan sama.

Ba a ɗaga komai sai an ɗauki hotonsa: daga nesa don a ga fasalin wurin, daga tsakatsaki don a ga kusancin abubuwa, sannan daf da daf tare da ma'auni a gefe. Masu shaidar gani da ido kuma a raba su kafin su tattauna, saboda mutum biyar da suka kwana suna maimaita zance sukan wayi gari da labari guda.

A ƙauyukan wannan yanki ba kasafai ɗan sanda ke fara isa ba. 'Yan sintiri ne, ko jami'an rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023. Saboda haka wannan darasi nasu ne kafin ya zama na kowa.

Kwanso, jini da waya

Kwanson harsashi shi ne shaidar da ta fi yawa a wurin harin 'yan bindiga, shi ne kuma aka fi wulaƙantawa. Kowace bindiga tana barin tabonta a jikin kwanso, daga allurar da ke dukan gindinsa da ƙugiyar da ke fizgo shi waje. Ƙwararre zai iya gwada kwanson da aka tsinta a Kurfi da wanda aka tsinta a Safana ya ce bindiga ɗaya ce ta harba su, ko ya haɗa su da wadda aka ƙwace daga baya. Lambobin da ke gindin kwanso kuma sukan nuna masana'anta da shekarar ƙira. Da irin wannan bin diddigi na lambobi ƙungiyar Conflict Armament Research, a rahotonta na Janairun 2020, ta gano cewa wasu makaman da aka kama a Katsina da Zamfara da Kaduna sun fito ne daga rumbunan Libiya da Kodebuwa, wasu kuma daga na jami'an tsaron Najeriya. Don haka kowane kwanso a ɗauke shi da safar hannu, a sa shi a ambulan nasa, a rubuta inda aka same shi.

Tufafi mai jini a bar shi ya bushe a inuwa, a naɗe shi a takarda. Leda tana tara gumi, kuma a zafin bazara kwana kaɗan ya isa ya ruɓar da abin da za a yi gwajin DNA da shi.

Waya kuwa ita ce babbar shaida a shari'ar garkuwa da mutane, tunda da ita ake cinikin fansa. Jami'in da ya hau latse-latse a wayar wanda aka kama yana sauya bayanan cikinta da hannunsa. Abin da ya dace shi ne a katse ta daga layi, a rufe, a miƙa wa ƙwararru. Sashe na 84 na Dokar Shaida ya gindaya sharuɗɗan karɓar bayanan na'ura, har da takardar da ke bayyana na'urar da yadda aka ciro su.

Duk waɗannan ba su da amfani in ba a iya nuna hannun da suka bi ba. Wa ya ɗauka, wa ya karɓa, yaushe, a ina aka ajiye? Rana ɗaya da babu sa hannu ta ishi lauyan wanda ake tuhuma ya ce an musanya.

Gawa

Gaggauta binne mamaci umarnin addini ne, kuma ba mai hankalin da zai nemi iyalai su ajiye gawa kwanaki. Abin da ake buƙata kafin wanka bai fi sa'a guda ba: hoton raunuka, rahoton likita daga babban asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi, da adana tufafin. Shari'ar kisan Bilyaminu Bello a Abuja a Nuwamban 2017 ta nuna tsadar rashin haka. Lauyoyin matarsa, Maryam Sanda, sun kafa hujja da cewa ba a yi binciken gawa ba, ba a kuma gabatar da wuƙa ba. Da Mai Shari'a Yusuf Halilu ya same ta da laifi a ranar 27 ga Janairu, 2020, ya dogara ne da shaidun da ke kewaye da lamarin da kasancewarta ta ƙarshe da aka gani tare da mamacin. Maharin da ya zo da dare fuska a rufe ba ya barin irin wannan kafa.

Amsa laifi

Inda shaidar zahiri ta ɓace, sai a koma ga bakin wanda ake tuhuma, kuma nan ne ƙofar azabtarwa. Sashe na 29 na Dokar Shaida ya hana karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar gallazawa. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya aikata. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta yi tanadin ɗaukar bayanin a bidiyo da kuma halartar lauya, kuma a 2024 Kotun Ƙoli, a shari'ar Akaeze, ta ce wannan wajibi ne.

Mutum yakan amsa laifin da bai yi ba. A 1986 wani matashi ɗan shekara 17 a kusa da Lesta ta Ingila ya amsa cewa shi ya kashe wata yarinya. Gwajin DNA, wanda Alec Jeffreys ya gano a 1984, ya wanke shi, aka ɗaure ainihin mai laifin, Colin Pitchfork, a 1988.

Adalci ne a faɗi cewa ɗan sandan Zobe yana aiki a inda zuwa wurin ma kasada ne. A ranar 5 ga Yuli, 2022, aka kai wa ayarin share fagen zuwan Shugaba Buhari Daura hari a kusa da Dutsin-Ma, kuma a daidai wannan lokaci 'yan bindiga suka kashe kwamandan shiyyar Dutsin-Ma, ACP Aminu Umar, a wani kwanton ɓauna a dajin Safana. Ɗakunan gwajin ma sun yi nisa. Cibiyar DNA ta gwamnatin Legas, wadda aka buɗe a 2017, an ƙona ta a tarzomar Oktoban 2020.