Daga Tebur Zuwa Cinya

Kwamfutar tebur ce ta fara shiga gidaje da ofisoshi: Apple II ta fito a Amurka a 1977, IBM PC a 1981, duk a girke wuri guda. A 1981 ɗin Osborne 1 ta zo da hannun ɗauka, amma nauyinta kilo 11 ne, allonta inci 5 kacal, kuma sai an jona ta da lantarki. Ɗaukarta ma aiki ne. Toshiba T1100 ta 1985, mai batir, ta zauna kan cinya, sai dai tsada ta hana mutane da yawa saye. Da farashi ya sauko, cinikin kwamfutar cinya ya zarce na ta tebur a duniya a 2008. Har yanzu ta tebur ta fi sauƙin gyara.