Tarihin Kan Keken Tsere da Mas'alar Tsadarsa

Duk wanda ya taɓa hawa keke, ko da kuwa tsohon Raleigh ne na zuwa kasuwa, ya san cewa muddin yana bisa, lafiyarsa tana rataye ne a kan wasu 'yan ƙarafa uku waɗanda ba a cika kula da su ba sai ranar da suka ci amana: kan keke da hannu yake riƙewa, da wuyan da yake haɗa kan da sauran jikin keken, da sandar da take ɗauke da sirdi. To, a tsakanin ma'abota keken tsere na Turai da Amurka da Japan akwai daɗaɗɗen saɓani game da waɗannan ukun, shin wanda ya ba da ninki uku ko huɗu na kuɗin na gama-gari don ya sayi na alminiyon mai suna hikima ya yi ko israfi. Kuma tun da malamai sun hana a yanke hukunci kan mas'ala kafin a san asalinta, ya kamata mu koma baya mu ga yadda wannan farin ƙarfe mara nauyi, wanda mu muka fi saninsa a tukunya da buta, ya kai ga hannun 'yan tsere.

Shi alminiyon, ko da yake babu ƙarfen da ya kai shi yawa a ɓawon ƙasa, raba shi da dutsensa ya daɗe yana gagarar masana, har a 1884 da Amurkawa suka gama hasumiyar tunawa da Washington, da shi suka yi mata tulluwa, domin a lokacin farashinsa yana gogayya da na azurfa. A 1886 wasu samari biyu da ba su san juna ba, Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, suka gano yadda za a tace shi da wutar lantarki, kuma cikin ikon Allah duka biyun a 1863 aka haife su, a 1914 suka rasu. Daga nan ya yi araha, sai dai zallansa laushi gare shi, ba ya ɗaukar wahala. Wanda ya warware wannan shi ne wani Bajamushe, Alfred Wilm, wanda a 1906 ya gauraya shi da ɗan jan ƙarfe, ya gasa, ya tsoma a ruwa, ya auna taurinsa bai ga abin kirki ba, ya ajiye ya tafi hutun ƙarshen mako. Da ya dawo sai ya tarar ƙarfen ya yi tauri da kansa yana ajiye, ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Wannan gauraye shi aka sa wa suna duralumin, da shi kuma aka ƙera gangar jikin jiragen sama na Zeppelin.

Amma 'yan tseren keke, waɗanda mutane ne masu tsananin riƙo da abin da suka gada, ba su yi maraba da shi nan take ba. A 1934 Antonin Magne ya ci babban tseren zagaya Faransa da da'irar taya ta duralumin ƙirar kamfanin Mavic, wadda aka shafa wa fenti ta yi kama da ta katako don kada alƙalai su gane, domin doka ba ta halatta ta ba a lokacin. Aka karɓe shi a taya, amma kan keke da wuya suka daɗe suna na baƙin ƙarfe a hannun manyan gwanaye, kuma hujjarsu ba abin rainawa ba ce, domin wanda tayarsa ta lanƙwashe yana iya samun zarafin tsayawa, alhali wanda kai ya karye masa a hannu yana cikin gangarowa daga dutse ba shi da sauran dabara sai salati.

Mutumin da ya kawar da wannan shakka wani Bataliye ne, Cino Cinelli, wanda shi kansa gwanin tsere ne, ya ci tseren Lombardiya a 1938 da na Milan zuwa San Remo a 1943, sa'an nan ya kafa masana'antarsa a birnin Milan. Ba shi ya fara yin kan keke na alminiyon ba, kamfanin Ambrosio na Turin ya riga shi. Bal ma ya daɗe yana ƙin abin, har zuwa farkon shekarun 1960, lokacin da ya fito da wuyan da ake kira 1A da kawunan da suka dace da shi, kuma da yake kowa ya san shi da taka-tsantsan, yardarsa ta zama kamar ijma'i, manyan gwanaye suka bi.

A nan ya kamata a dakata a fahimci abin da masu saye suke biya a wancan zamani, domin shi ne ginshiƙin mas'alar duka. Wanda ya taɓa tsayawa wurin maƙeran tukunya ya ga yadda suke narka tarkacen alminiyon, su kwarara shi cikin ramin da suka siffanta a yashi, ya daskare ya zama tukunya. Idan kuwa irin wannan tukunya ta faɗi ta fashe, ka duba bakin fashin, za ka gan shi da tsaki-tsaki da 'yan ƙananan kofofi inda iska ta maƙale. Wannan shi ne zubi, kuma haka ake yin wuyan keke mai araha a da. Ita kuwa ƙira daban take: ana ɗaukar curin ƙarfe ne ba a narka shi ba, a matse shi da babbar na'ura cikin mazubi har ya ɗauki siffa, yadda jijiyoyinsa za su bi lanƙwasar abin da aka ƙera kamar yadda jijiyar itace take bin reshe. A ido biyun ɗaya suke, musamman bayan an goge su sun yi ƙyalli, amma a wajen jure wahala tsakaninsu akwai nisa mai yawa. Ga kuma wata ɗabi'a ta alminiyon wadda ta sa wannan bambanci ya zama na rai da mutuwa: baƙin ƙarfe, muddin lanƙwasar da ake yi masa ba ta wuce wani haddi ba, yana iya jurewa har illa ma sha Allahu, shi kuwa alminiyon kowace girgiza, kome ƙanƙantarta, tana rage masa kwana, har wata rana 'yar tsaga ta tsiro daga wani kofa ko wani karce, ta yi ta rarrafe a ɓoye. Akwai wani wuya ƙirar Faransa na shekarun 1970 wanda yawan tsagewarsa ya sa masu keke suka laƙaba masa suna wuyan ajali. Saboda haka wanda ya biya kuɗi mai yawa a wancan lokaci amana ya saya, kuma babu mai hankalin da zai kira wannan israfi.

Labarin sandar sirdi gajere ne. A da bututu ne kawai da wani maƙalli mai haƙora a bisa, irin wanda har yau yake kan kekunanmu na kasuwa, wanda in ka matsa haƙori ɗaya hancin sirdi ya ɗaga sama, in ka mayar ya duƙa ƙasa, babu tsaka-tsaki. A 1956 Tullio Campagnolo na garin Vicenza ya fito da sanda mai noti biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, a sassauta wannan a ɗaure wancan har sirdi ya zauna daidai inda mai shi yake so. Sai dai notocin suna ɓoye ne a ƙarƙashin sirdi, ba a kai musu sai da wata lanƙwasasshiyar sifana ta musamman, kuma Allah kaɗai ya san adadin yatsun makanikai da suka ƙuje a wurin.

Bayan amana sai aka shiga neman rashin nauyi, har abin ya zama kamar wata cuta. Mario Dedioniggi, wanda ya koyi sana'a a Ambrosio, ya kafa kamfanin 3T a Turin a 1961, ya shiga aiki da gaurayen da ake kira 7075, mai tutiya a ciki, wanda asalinsa kamfanin Sumitomo na Japan ne ya gano irinsa a asirce kafin Yaƙin Duniya na Biyu, aka ƙera jirgin yaƙin Zero da shi. Ranar 25 ga Oktoba 1972, a birnin Meziko, gwanin tsere Eddy Merckx ya yi tafiyar kilomita 49.431 cikin sa'a guda a kan keken da maƙerin keke Ernesto Colnago ya huda wa ƙarafa, har da kan, don a rage nauyi. Samari kuwa ko'ina suka ɗauki mahuji suka afka wa nasu kekunan, sun manta cewa shi Merckx keken sa'a ɗaya aka yi masa, a kan fili mai santsi. Abin lura game da 7075 shi ne, ƙarfinsa kafin ya lanƙwashe ya kusa ninka na gaurayen 6061 da ake yin na gama-gari da shi, amma wajen rashin lilo a hannu kusan daidai suke. Fa'idarsa ita ce ana iya siranta bangon bututun, don haka mai sayar da shi da ya ce maka ya fi tsayawa ƙyam saboda irin ƙarfensa, ya faɗi abin da ilmi bai tabbatar ba.

Akwai kuma wani ɓangare na tsadar wanda wayon kasuwa ne tsantsa. Cinelli ya yi kaurin tsakiyar kan keken da yake ƙerawa milimita 26.4, sauran Taliyawa 26.0, Japanawa da mutanen Ingila galibi 25.4, ta yadda wanda ya sayi wuyan wani gida wajibi ne ya koma can ya sayi kai. Wannan saɓanin mazhabobi bai lafa ba sai bayan da wani Ba'amurke, John Rader, ya ƙirƙiro wuyan da yake damƙe bututun gaba daga waje a wajen 1990, daga bisani kuma akasarin masana'antu suka haɗu a kan 31.8. A Japan kuwa, inda ake caca a kan tseren keken da ake kira keirin tun 1948, hukuma ba ta barin wani ƙarfe ya hau fili sai da hatiminta, kuma wannan tsanani ya taimaka wajen ɗaukaka sunan kamfanin Nitto, wanda aka kafa a Tokyo a 1923.

To, abin da ya sauya hukunci shi ne ilmin ya bazu. Ƙirar da a da take hannun 'yan gidaje ƙalilan ta zama aikin yau da kullum a masana'antun Taiwan, aka kuma kafa ƙa'idojin gwaji na duniya waɗanda suke wajabta a girgiza kai da wuya da sanda sau dubbai a na'ura kafin a sayar, saboda haka amanar da a da sai mai hali, yau tana cikin na matsakaicin kuɗi, in dai daga sanannen gida ya fito ba jabu ba ne. Abin da ya rage wa mai tsada shi ne nauyi da kyan gamawa. Kai na gama-gari yana kaiwa giram 300 da 'yan kai, mai tsada ya sauko wajen 250, kuma in an haɗa ragin ukun da ƙyar ya wuce giram 200, wato ƙasa da rabin gorar ruwan da take rataye a jikin keken, kuma kashi ɗaya cikin 400 na mutum da kekensa in sun kai kilo 80. Su kansu ƙwararru, tun 2000 hukumar tseren keke ta duniya ta hana kekensu ya gaza kilo 6.8. A ganina, in mutum zai ƙara kuɗi, sandar sirdi mai noti biyu ta fi cancanta, domin fa'idarta kullum ana jin ta a zaune. Kai kuwa faɗinsa da zurfin lanƙwasarsa su dace da kafaɗa da tafin hannun mai shi, ko nawa ne kuɗinsa. Shi wuya, in tsawonsa ya yi daidai, ban ga abin da ƙarin kuɗi zai ƙara masa ba illa suna.

Na taɓa zama wurin wani mai gyaran keke aka kawo masa keken tsere na gwanjo, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai, kansa ɗauke da tambarin wani babban gida. Ya warware tsohon ƙyallen da aka naɗe kan da shi, sai ga wani farin gari kamar kanwa yana zuba daga ƙarƙashin maƙallin birki, inda gumin mai shi na farko ya shekara da shekaru yana taruwa yana cin ƙarfen. Ya kankare da farce, ya nuna mini 'yan ramuka kamar zanzana, sa'an nan ya juya wurin mai keken ya ce, "Alhaji, wannan kan ya gama aikinsa, ni dai ba zan naɗe shi in ba ka ka hau ba." Ya miƙa hannu cikin buhu ya zaro wani mara suna, ya duba shi ciki da bai a hasken rana, ya gwada shi a wuyan, ya shiga daidai, ya fara ɗaure notocin ɗaya bayan ɗaya, kaɗan-kaɗan.