Lambun Uwargida A Tsohuwar Daular Rum

Yau na ɗan ajiye labarin soyayya gefe, zan kai ku ƙasar Girka da ta Rum, mu leƙa bayan ɗakin matansu na shekaru dubu biyu da suka wuce. Abin da ya ja hankalina kuwa wata magana ce ta wani malamin Rumawa mai suna Filini Babba, wadda da na ci karo da ita sai da na ji kamar da ni yake.

Bari mu fara da Girkawa, don su ne yayye. A birnin Atina gidaje a matse suke, ruwa kuma sai an je rijiya ko maɓuɓɓuga, saboda haka tsakar gidansu yawanci fili ne kawai na daɓe ko na dutse. Lambuna suna bayan ganuwa, inda ruwa yake, sai kuma itatuwan da ake dasawa a kasuwa da wuraren bautarsu. Shukar da aka san matan Atina da ita ta biki ce. Sau ɗaya a shekara sai su sami fasasshiyar tukunya su zuba ƙasa, su watsa irin latas da alkama da sha'ir, su hau da ita kan rufin ɗaki. Kwana kaɗan ta tsiro kore shar, kwana kaɗan rana ta ƙone ta, sai su yi ta kuka wai suna makokin wani abin bautarsu Adonis. Jahiliyya ke nan, Allah Ya tsare mu. Har ya zama idan Bagirke yana son ya ce abu ba shi da ƙarko, sai ya kira shi lambun Adonis.

Rumawa su manoma ne tun asali. Gidan Barume na farko yana da ɗan fili a can ƙurya ta baya, inda ake shuka kabeji, albasa, tafarnuwa, latas da ganyayen magani. To wa ke kula da shi? Uwargida. Filini ya ba da labari cewa mutanen da, idan suka ga lambun gida ya lalace, nan take suke yanke hukunci cewa matar gidan ba ta iya riƙon gida ba, domin dole mutanen gidan su koma dogaro da mahauta da kasuwa. Kin ji fa! Ni dai na ga rashin adalci a ciki, don ba a tambayi ko maigidan ya haƙa rijiya ba. Amma ki duba ta ɗaya gefen: wannan ɗan filin nata ne, ita ke da iko da shi, kuma ranar da babu kuɗin cefane ba sai ta tsaya kallon fuskar kowa ba kafin ta ɗora tukunya. Har talakawan cikin birnin Rum da ba su da fili, in ji shi, sukan yi 'yar shukarsu a bakin taga.

Da daula ta yi ƙarfi, dukiya ta shigo, sai abin ya sauya. Rumawa suka ari ginin Girkawa na tsakar gida mai baranda da ginshiƙai kewaye, su kuma suka cika tsakiyar da shuka. Zamanin Sarki Agustus aka jawo ruwa daga duwatsu zuwa garuruwa irin su Fomfeyi, aka raba shi gidajen masu hali ta bututun darma. Daga nan kabeji ya fara ba furanni wuri. Aka kawo gumakan ado, da tafkin kifi, da ruwa mai tsartuwa sama, ana aske bishiyoyi su yi siffar dabbobi. Wanda filinsa ya yi kaɗan sai ya sa a zana masa lambu a jikin bango, da tsuntsaye da komai, don baƙo ya ga kamar wurin da faɗi. Ashe ƙaryar arziki ba yau ta fara ba.

Inda abin ya kai maƙura shi ne lambun Lukullus, wani sarkin yaƙi da ya tara dukiya ya ƙawata wani tudu a Rum. Bayan shekaru lambun ya koma hannun wani attajiri, Asiyatikus, ya ƙara masa kyau. Sai idon Masalina, matar Sarki Kalaudiyus, ya faɗa kansa. A shekara ta 47 miladiyya ta sa aka ƙulla masa sharri, aka yanke masa hukuncin kisa, aka ce ya zaɓi yadda zai mutu. Su ƙone gawa suke yi. Mai tarihi Tasitus ya ce kafin mutumin nan ya mutu sai da ya je ya duba inda aka tara itacen ƙone shi, ya ce a matsar da shi gefe kada zafin wuta ya taɓa ganyen bishiyoyinsa. Masalina ta sami lambu. Shekara ɗaya tak, a 48, asirinta ya tonu, ta ɗaura aure da wani saurayinta alhali mijinta yana raye. Ina ta gudu? Cikin lambun nan. Mahaifiyarta, wadda ba sa ga maciji lokacin da take kan ganiyarta, ita kaɗai ce ta zo ta zauna da ita, kuma a gabanta soja ya soke ta da takobi. Wallahi da ni na rubuta wannan a littafi, da kun ce na cika ƙari.

Amma kada ki ɗauka kowa ya bi wannan hanya. A shekara ta 79 dutsen Besubiyus ya yi aman wuta ya binne Fomfeyi da toka, shi kansa Filini a wannan masifar ya rasu, ya tafi da jirgin ruwa ceton mutane. Bishiyoyin garin suka mutu, saiwoyinsu suka ruɓe a ƙasa, suka bar ramuka cike da tsakuwar dutsen. Daga 1961 wata malama 'yar Amurka, Wilhelmina Jashemski, ta shafe fiye da shekara 20 tana kwashe tsakuwar nan a hankali, tana zuba siminti a ramin, in ya bushe ta tono siffar saiwar a gane ko wace bishiya ce. Mace ce fa ta yi wannan aiki, a durƙushe cikin rana.

Abin da ta gano shi ne garin cike yake da shukar abinci: gonakin inabi a cikin ganuwa, zaitun, ɓaure, kayan miya. A wani gida da ake kira gidan Folibiyus, tsakar gidan ba wani girma gare ta ba, amma manyan bishiyoyi 5 ne a ciki, ga ƙananan shuke-shuke a jikin bango. Ta tsinci ƙonannun 'ya'yan ɓaure a ƙasa. Ta kuma ga sawun wani dogon tsani siriri a kwance, irin wanda ake hawa a tsinko 'ya'yan itace, a inda mutanen gidan suka ajiye shi.