Fakon Bayan Gari

Da sanyin bara, bayan an gama sussukar gero, muka hau tudun da ke bayan gari a Masama tare da wani ɗan ƙanenmu da ya zo hutu daga jami'ar tarayya ta Birnin Kebbi, wadda ke Kalgo. Ba yawon buɗe ido ya kai mu ba, sabis ɗin waya muke nema. Duk wanda ya san ƙasar Gwandu ya san irin tudun nan: kansa a baje kamar faifai, jan dutsen marmara ya rufe shi, ruwan damina ya ƙwaƙule gefensa ya bar kwazazzabai. Ba abin da ke fitowa sai geza da sabara da 'yar ciyawar da akuya ba ta ci sai ta rasa. Fako muke ce masa, kuma ko wajen rabon gado ba a faɗa a kansa.

Da sabis ya kawo, yaron ya miƙo mana wayarsa. "Baffa, dubi wanga hoto. Ba ka ce bayan garinmu na ba?"

Hoton wani wuri ne a jihar Dakota ta Kudu a Amurka, ana ce masa Badlands, wato mugunyar ƙasa. Ba Turawa suka fara zaginsa ba. Lakota, mutanen da suka riga su zama a can, abin da suke kiransa ke nan da harshensu, don ba ruwa, ba inuwa, ga wuyar ratsawa. Gwamnatin Amurka ta keɓe shi a 1939, ta ɗaga shi zuwa gandun daji na ƙasa a 1978. Yanzu kusan mutum miliyan ɗaya ke zuwa kowace shekara, su biya kuɗin shiga, su tsaya suna kallon zaizayar ƙasa. Muka yi dariya har da ƙwalla, mu da zaizaya ke cinye mana gonaki kyauta.

Amma yaron bai yi kuskure ba, kuma kamar ta wuce ta ido.

A littattafan masana duwatsu akwai wani shimfiɗin ƙasa da aka raɗa wa sunan Gwandu. Yashi ne da yumɓu da koguna da tafkuna suka zuba tun fil azal, shi ne ya rufe yawancin yammacin tsohuwar jihar Sakkwato. Tuddan nan namu ragowarsa ne: inda marmara ta yi masa hula ya tsaya, inda babu ruwa ya tafi da shi. A cikin yashinsa ne rijiyoyin burtsatse na yankin Birnin Kebbi ke samun ruwa. Ƙarƙashinsa kuwa akwai farin dutsen da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti, wanda cike yake da ɓawon halittun teku. Masana sun ƙiyasta cewa shekaru sama da miliyan 60 da suka wuce, wani hannun teku ya ratso inda Sahara take a yau ya kwanta a kan ƙasar Sakkwato. A wajajen wancan zamani wani tekun ya kwanta a kan Dakota. Da ruwan biyu suka janye, sun bar irin gawa ɗaya: ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren ruwa mai haƙora kamar na kada. Na Amurka suna tono nasu a Badlands. Namu, wani masani a Landan mai suna Swinton ya fara bayyana shi a 1930, sannan wasu masana daga Fulorans ta Italiya suka haƙo ƙoƙon kansa a ƙasar Goronyo, suka sa masa suna Goronyosaurus a 1972. Bayan shekara uku aka bayyana wani tsohon kada, aka ce masa Sokotosuchus. Sunayen garuruwanmu ne, amma wanda ke son ganin ƙasusuwan sai ya nemi biza.

Wannan tarihin dutse ne. Na mutane ya fi kusa da mu, kuma shi ya fi sa mu jin kunyar dariyar da muka yi.

A 1805, bayan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi, Shehu Usmanu ya taso da jama'arsa ya zauna a Gwandu. Garin a kwari yake, tuddai sun kewaye shi, kuma a lokacin ko ganuwa ba shi da ita. Ƙarshen shekarar, Gobirawa da Kabawa da Buzaye suka haɗa kai, aka gwabza a Alwasa, kusa da Birnin Kebbi. Jama'ar Shehu ta sha kashi mai tsanani, aka kashe mutane da yawa, waɗanda suka tsira suka ja da baya zuwa Gwandu, abokan gaba na biye da su. Da garin ya faɗi a kwanakin nan, da wuya a ce akwai daular da za a yi maganarta daga baya. Bai faɗi ba. A fili mai laushi doki da raƙumi ke da ƙarfi, amma a kan marmara da tsakuwa da bakin kwazazzabo, mai baka da kibiya da ke tsaye da ƙafarsa shi ke da rana. Aka kore su. Shekarar da ta biyo Muhammadu Bello ya gina wa Gwandu ganuwa. Kafin a gina ta, fakon nan shi ya yi aikinta.

Ba mu ce dutse ne kaɗai ya ci yaƙin ba, kuma mun san Kabawan Argungu suna da nasu bakin labarin, wanda ya cancanci a ji. Abin da muke cewa shi ne, ƙasar da manomi ya raina ita ce mafakar wanda aka koro. Haka ta kasance ga Lakota ma. A 1890, da sojan Amurka suka matsa musu, wasunsu kan wani tudu mai bajajjen kai a cikin Badlands suka hau suka ɓuya. A watan Disamba na shekarar, ayarin wani shugabansu da ake kira Big Foot ya ratsa ta cikin kwazazzaban nan cikin tsananin sanyi, kafin soja su tare su a Wounded Knee su kashe maza da mata da yara. A 1942 kuma gwamnati ta karɓe wani babban yanki na ƙasar da aka bar musu, ta tashi iyalai fiye da ɗari, ta mai da wurin filin koyon jefa bama-bamai. Bayan yaƙi ba a mayar musu da shi yadda yake ba. Wani sashe nasa shi ne kudancin gandun a yau, wanda tun 1976 ake gudanarwa da yarjejeniya tsakanin hukumar ganduna da Lakota. Mai ɗaukar hoto ba ya ganin wannan a cikin wayarsa.

To mu ina namu gandun? A jihar Kebbi babu gandun daji na ƙasa ko ɗaya. Ko a 2020, da gwamnatin tarayya ta amince da ƙara sababbi goma, ciki har da Falgore a Kano da Kogo a Katsina, ba wanda ya faɗo Kebbi ko Sakkwato ko Zamfara. Mafi kusa da mu biyu ne. Ta yamma, bayan Kamba da Gaya, akwai gandun W da Faransawa suka kafa a 1954, wanda ya haɗa Nijar da Binin da Burkina Faso, aka sa masa sunan saboda yadda kogin Kwara ya lanƙwashe a wurin kamar wannan harafi. Ta kudu akwai gandun Kainji, na farko a Najeriya, wanda aka samar a ƙarshen shekarun 1970 da aka haɗa dajin Borgu da na Zugurma, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 5,000.

Kainji mun taɓa zuwa, muna 'yan sakandare, cikin shekarun 1990. Muka bi ta Jega da Koko da Yawuri cikin wata bas da ba ta son hawa, muka tsallaka ta kan madatsar ruwan, muka kwana a Sabuwar Busa, da asuba muka wuce Wawa zuwa kogin Oli. Yawancinmu ba mu taɓa ganin naman daji da rai ba sai zomo da gafiya. Ranar muka ga gwanki, dabbar da muka sani a bakin tsofaffi kawai, tsaye yana kallonmu kamar mu ne abin kallo. Muka ga maraya garke guda, da mugun dawa yana gudu jela a sama, da dorina ta fito da kunnuwa daga ruwa. Wani daga cikinmu, ɗan maharbi, bai ce uffan ba duk tafiyar, yatsansa kawai muke gani yana motsi.

Abin da ya fi zama mana a rai ba dabba ba ne. A wani wuri motar ta tsaya kusa da kukoki guda uku a jere, muka sauka, sai ga fasassun tukwane a ƙasa. Ɗan ƙauye ba ya bukatar a gaya masa cewa kufai ne. Muka tambayi mai yi mana jagora su wa suka zauna nan. Ya ce, "Mutanen da ne," ya nuna mana wata bishiya da birai.

Gandun daji ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun dokar daji ta 1916, zamanin Lugga, Turawa suka fara shata wurare suna hana sara da farauta, daga baya En'e ta karɓi aikin. Kamuku da ke Birnin Gwari haka ya fara a 1936, kafin ya zama na ƙasa a 1999. Kakanninmu sun san malamin daji, sun san tarar gatari. Kafin malamin daji ma akwai tsari: akwai hurumi, akwai burtali, akwai Sarkin Dawa da ya san lokacin da ake shiga farauta da lokacin da ake bari. Abin da sabon tsarin ya zo da shi shi ne layi a kan taswira, da cewa abin da ke cikin layin ba na kowa ba ne sai gwamnati. A W, Faransawa sun tashi ƙauyuka. A Kainji, madatsar da aka gama a 1968 ta nutsar da tsohuwar Busa, inda Mungo Park ya mutu a 1806, shekarar da ake ginin ganuwar Gwandu, ta kuma tashi mutum sama da 40,000, ciki har da na ƙasar Yawuri. Bayan ruwa ya ci bakin kogi, sai gandu ya rufe daji. Makiyayi da maharbi da mai cire zuma da mai neman saiwar magani, duk suka wayi gari sun zama masu laifi a hanyoyin da iyayensu suka bi.

Kada a ji mu kamar muna kushe gandun. Ba don shi ba, da gwankin nan da muka gani ya daɗe da zama kilishi. Mun ga abin da gatari da gawayi suka yi wa dajin da ba a tsare ba, tsakanin Masama da Jega ma ya isa shaida. Amma layi a taswira sai da mai tsaronsa, kuma mutum nawa za su tsare murabba'in kilomita 5,000? Mutanen da suka san kowace korama da kowane kogo an riga an mai da su abokan gaba, ba za su kawo rahoto ga wanda ke ƙwace musu shanu da bindigar toka ba. Daji ya zama gidan da aka kori masu shi aka bar ƙofa a buɗe.

Sauran labarin kowa na jin sa a rediyo. Kamuku ya zama maɓoyar ɓarayin daji. A watan Fabrairun 2022 aka kashe mutum tara a ɓangaren Binin na gandun W, yawancinsu ma'aikatan gandun. A 2024 wata cibiyar bincike ta ƙasar Holan mai suna Clingendael ta fitar da rahoto cewa masu ɗauke da makamai daga Sahel sun shigo gandun Kainji ta Binin sun zauna. Ba malamin makarantar da zai ɗebi yara a bas ya nufi kogin Oli a yau. Mugunyar ƙasa tana nan tana aikin da ta saba, tana ɓoye wanda ya shige ta, ba ta tambayar ko shi wane ne.

Muka gaya wa yaron wasu daga cikin waɗannan, muna zaune a kan marmara. Ya ce, to me zai hana a keɓe tuddan Gwandu su ma, a sa allo, a kawo 'yan makaranta su ga inda aka yi yaƙin 1805, a nuna musu teku a cikin dutse? Muka ce ba abin da zai hana, kuma za mu so a yi tun kafin masu tifa su gama kwashe su, don ta gefen hanya an riga an fara cin wani tudun ana zuba wa titi. Sai dai mun tambaye shi wa zai riƙe makullin, da kuma inda Fulanin da ke hawa da shanu nan da damina, lokacin da gonaki suka rufe ko'ina, za su koma. Ya yi shiru, ya ce a jami'a ba a kai nan ba tukuna.

Muna saukowa ya tsinci wani baƙin dutse mai nauyi, mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Kashin maƙera ne, ragowar tamar da aka narka a nan tun kafin ƙarfen mota ya kashe sana'ar. Ya ɗauki hotonsa, ya jefa shi aljihu. Muka ƙara sauri, don rana ta yi ja, kuma yanzu ko a Masama ba a son magariba ta iske mutum a bayan gari.