Wa Ke Da Waƙar Nan Take? Tarihin Kiɗan Haɗin Gwiwa Daga Tubali Zuwa Abalak

'Yan'uwa marubuta, akwai wani irin kiɗa da ake yi a Turai da Amurka wanda jin labarinsa kan ba mutanenmu mamaki. Makaɗa biyu ko uku ne za su shiga ɗakin ɗaukar murya ba tare da sun shirya kome ba, wannan da jita, wancan da babbar jitar nan mai kaurin amo da ake ce wa bes. Sai a kunna na'ura, su yi ta bin juna har rabin sa'a ko fiye, abin da ya fito kuwa shi ne faifan. A watan Disamba na 1960 wani makaɗi Baƙar fata ɗan Amurka, Ornette Coleman, ya tara mutum takwas, biyu daga cikinsu masu bes, suka yi irin wannan kiɗa na kusan minti 37 a zama guda. A Ingila kuma wani gwanin jita, Derek Bailey, ya ƙare rayuwarsa a kan wannan hanya, har shi da abokansa suka kafa kamfanin faifai nasu na kansu mai suna Incus a 1970, don manyan kamfanoni ba su ga riba a ciki ba.

Abubuwa uku ne suka haɗu a wannan kiɗa: aikin gayya, da ƙirƙira nan take, da tsawo. Mu da muka tashi tsakanin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, babu ɗaya cikin ukun da yake baƙonmu. Na'urar ɗauka ita ce baƙuwa, kuma tarihin yadda ta yi da kiɗanmu ne muke son mu bi.

Mu fara da Tubali, ƙauyen da ke yankin Shinkafi a tsohuwar ƙasar Isa, inda aka haifi Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu. Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960. Makaɗan fada irinsa ba su cika fita da ɗanyar waƙa ba. Akan zauna a gida a tsara gindin waƙa, a ɗora mata ɗiya, a yi ta bita da 'yan amshi har ta zauna a bakin kowa. Amma duk wanda ya saurari waƙoƙin da kunnen basira ya san shirin gida bai ƙare aikin ba. Jagora kan ɗauko magana ya sake ta a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari da abin da bai faɗa ba. Idan wani babba ya shigo fada ana cikin waƙa, dole a sama masa wuri a cikinta nan take, da sunansa da na kakanninsa, ba tare da kiɗan ya yi tuntuɓe ba. Ga sanƙira a gefe yana jefa tasa. Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, ko da yake sunan mutum ɗaya muka riƙe.

A Zurmi abin ya ma fi haka. Kassu Zurmi makaɗin maza ne, kalangu yake kaɗa wa 'yan tauri da sauran masu taurin kai, har da waɗanda ba a son faɗin sana'arsu a gaban alƙali. A filin tauri babu wanda ya san wa zai faɗo fage, balle a shirya masa. Da mutum ya zaburo, makaɗi zai juya zuwa takensa, mutumin ya yi kirari, kalangu ya amsa masa, taro ya ɗauka. Tsawon wasan kuwa ba agogo ke yanke shi ba, ƙarfin masu yi ne da haƙurin masu kallo.

A nan akwai wani abu da ya kamata mai nazari ya lura da shi. A rukunin kalangu, ƙananan ganguna irin su kuntukuru da kanzagi su ke riƙe da ƙasa, suna maimaita abu guda ba gajiya, babban kalangun kuma shi ke magana, ya tafi yawo ya dawo ya tarar da su inda ya bar su. A rukunin jita sai aka juya lamarin: mai kaurin murya, wato bes, shi ke tsaron gida, siririyar jita ita ke yawo. Aikin dai ɗaya ne. Ba mai iya yin nisa a kiɗan nan take sai ya amince akwai wanda ya tsare masa hanyar komowa. Shi ya sa Bahaushe ya ari kalmar kanzagi ya ba duk mai mara wa wani baya a magana, sai dai kash, ya ba ta ma'anar raini. A ganinmu wannan rainin shi ne asalin asarar da za mu zo kanta.

Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, nan ne kuma ƙarshen layin da ya taso daga Zariya ta Gusau. An shimfiɗa shi ne don kwasar gyaɗa da auduga da fatu, amma abin da ya tafi da kaya ba ya dawowa wayam. Kantunan kamfanoni da ma'aikatan reluwe da fatake sun shigo da kayan zamani, cikinsu har da garmaho. To faifan garmaho na wancan zamani, mai juyi 78 a minti, ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan kai a kowace fuska. A duba wannan da kyau. Waƙar da akan kwashe rabin dare ana yi a ƙofar fada, in za ta shiga faifai sai an datse ta ta koma tsawon shan kofin shayi. Abin da ake fara zubarwa kuwa shi ne ainihin abin da muke magana a kai: jan zaren da jagora ke yi, da karɓeɓeniyar 'yan amshi, da hirar da ganguna ke yi tsakaninsu.

Sauƙi ya zo ta hanyar rediyo. An kafa hukumar watsa labarai ta ƙasa, NBC, a 1957, sa'an nan gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe nata gidan rediyo da talabijin a Kaduna a 1962. Na'urorinsu masu zare suna iya ɗaukar dogon abu, saboda haka makaɗi ya samu sarari ya numfasa. Yawancin abin da muke ji yau na tsofaffin makaɗan fada ta wannan ƙofa ya iso mu. Daga baya kaset ya shigo. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya kuma cika kasuwanninmu a shekarun 1970 da 1980, mai minti 60 da mai minti 90. Daga nan kowa ya zama mai ɗauka. A gidan biki sai ka ga rakoda uku ko huɗu an jera a gaban makaɗi, kowace tana haɗiyar waƙar tare da guɗar mata da kukan yara da ƙarar babur. A kasuwar Alhamis ta Shinkafi, wadda ke tara mutane har daga Nijar, masu kaset na da rumfunansu, ka zaɓi waƙa a juye maka. Zamanin kaset shi ne ya fi kowane adalci ga dogon kiɗan nan take. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, an san shi da ƙirƙirar waƙa a tsaye a gaban jama'a, kuma da yawa daga abin da ya bari kaset ɗin bukukuwa ne ya tsare shi.

Sai dai me ake rubutawa a bayan kaset ɗin? Sunan jagora, da biro, wani lokaci da sunan wanda aka yi wa waƙar. Babu rana, babu wuri, babu sunan ko ɗaya daga mutum biyar ko bakwai da suka yi rabin aikin. Alhali amshi shi ne makarantar makaɗa. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a bayan mahaifinsa da wansa Abdu Kurna ya yi shekaru yana amshi kafin ya ja nasa rukuni. Da bai zama jagora ba, da yau ba mu san sunansa ba, ko da muryar ita ce dai wannan. Masana sun yi nasu ƙoƙari. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa masu yawa, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza kuma ya yi littafi sukutum a kan Narambaɗa a 2009. Duk da haka, a aji idan muka tambayi ɗalibai wa ya yi waƙa kaza, suna ɗaya suke ba mu, mu kuma mu ba su maki.

Ita jita ba ta yi saiwa a yankinmu ba. Muna da gurmi da garaya da molo da kukuma, ba mu ji ƙishin wata tsirkiya ba. A birane ne aka ɗan taɓa, kamar Bala Miller da rukuninsa a Kaduna, waɗanda suka yi waƙoƙin Hausa da kayan kiɗan Turawa a shekarun 1970 da 1980. Da finafinan Hausa suka bunƙasa a shekarun 1990 sai fiyano ta shigo ta haɗiye kowa. Yaro ɗaya a ɗaki ya zama shi ne mai kalangu, shi ne kanzagi, shi ne mai bes, mawaƙi ya zo daga baya ya ɗora murya a kan kiɗan da ya riga ya daskare. An samu sauƙin kuɗi, ba mu musa ba. Amma na'ura ba ta jin numfashin mawaƙi balle ta jira shi, kuma ba ta iya ba shi mamaki.

Inda jita ta samu gida shi ne arewa da mu, wurin Buzayen Nijar da Mali. Abin sha'awa, labarin ɗaya daga cikin fitattunsu ya ratsa ta ƙasarmu. Mdou Moctar, mutumin yankin Abalak a jihar Tawa, bahago ne da ya harhaɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, a irin ɗakunan nan na waƙoƙin fim, da kiɗan na'ura da muryar da kwamfuta ta lanƙwasa. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya a cikin Sahara, har wani Ba'amurke mai yawon tattara kiɗa, Christopher Kirkley, ya ji ɗaya ya sa ta a wani faifai da ya fitar a 2011, ya kuma bi sawu har ya gano mai ita.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi kusa da batunmu. Mdou ya bar kiɗan na'ura ya koma ga mutane: Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Souleymane Ibrahim a ganguna, da wani Ba'amurke, Mikey Coltun, a bes. Faifansa Ilana, wanda ya fito a 2019, a birnin Ditiroyit na Amurka aka ɗauke shi, shi da makaɗansa na lokacin suna kaɗawa tare a ɗaki guda kamar yadda suka saba a bukukuwan aure na Agadas, inda kiɗa kan miƙe muddin masu rawa ba su gaji ba. Wanda ya saurara zai ji bes da jita ta biyu sun kafe a wuri ɗaya suna juyawa, ganguna na ƙara wuta sannu a hankali, jitar Mdou kuma ta tsinke ta yi nisa kamar ba za ta dawo ba. Ɗan Zurmi ba ya bukatar tafinta a nan. Bayansa sun fitar da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024, kuma a kowanne an rubuta wa ya kaɗa me, wa ya ɗauka, a ina. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya rutsa da su suna Amurka, hanyar gida ta toshe na wani lokaci.

Mu ma hanyoyinmu sun toshe. Rashin tsaron da ya addabi arewacin Zamfara ya ɗaiɗaita ƙauyuka da dama, ya rage tarukan dare da wasannin kaka inda irin wannan kiɗa ke rayuwa. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka katse a jihar, aka rufe kasuwannin mako na wani lokaci. Iyalai da yawa sun baro gidajensu da abin da hannu zai iya ɗauka, kuma buhun tsofaffin kaset ba ya cikin abin da mai gudu ke ɗauka. Zaren kaset ma ba ya son zafi da ƙura, ko an bar shi lafiya yakan manne ko ya shuɗe.

Wasu daga cikin waɗanda suka yi amshi ko kanzagi a rukunonin shekarun 1970 da 1980 suna nan da rai, sun tsufa, wasunsu na zaune a Ƙaura da Gusau wurin 'ya'yansu. Ɗan ƙungiyar da ya samu irin wannan dattijo, kada ya tsaya ga tambayar tarihin maigidansa kaɗai, don wannan an sha yi. Ya kunna masa waƙar a waya, ya bar shi ya saurara, sa'an nan ya tambaye shi muryar wa ce wannan ta dama, wa ke riƙe da ƙaramar ganga, a gidan wa aka yi, wane ɗa ne aka zo da shi daga gida, wanne ne kuma ya faɗo a wurin. Ya rubuta sunayen da garuruwansu, ya sa ranar da aka yi hirar.