Zabo Ɗan Gida Ne, Agwagwa Baƙuwa Ce

A makon nan tsakar gida za mu leƙa.

Da yawanmu mun tashi muna ganin zabo da agwagwa suna tsattsaga wuri ɗaya, sai muka ɗauka tare suka zo. Zabo da ke kwana a bishiya, yana gudun mutane, shi ne ɗan ƙasa. Asalinsa dajin Afirka ne, har gobe mafarauta na harbo na daji. Girkawa da Rumawa sun san shi. A ƙarni na 15 jiragen Fotugal suka kwashe shi daga gaɓar Afirka ta Yamma zuwa Turai, shi ya sa Turawan Ingila ke ce masa kazar Gini. Daga baya ya ƙetara teku zamanin cinikin bayi, ya kuma koma daji a tsibirai irin su Jamaika.

Agwagwarmu kuwa, mai jan tsiro a fuska, wadda namijinta ba ya kuka sai huci, daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ta fito. Mutanen can sun daɗe suna kiwonta kafin Kolumbus ya isa a 1492. A ƙarni na 16 aka kai ta Turai, jiragen Turawa kuma suka sauke ta a gaɓar Afirka. Abin dariya, Turawan Ingila agwagwar Masko suke kiranta, alhali ba abin da ya haɗa ta da Rasha.

Halinsu ma ya saɓa. Zabuwa kan ɓoye ƙwanta a ciyawa da damina, ba ta damu da reno ba, don haka iyayenmu ke sa wa kaza ƙwan ta ƙyanƙyashe cikin kwana 28. Agwagwa takan kwanta wa nata har kwana 35.

Me ya shafe mu? Yanzu matasanmu sun karkata ga labaran tarihi, kuma mun sha ganin inda ake zuba agwagi a fadar sarakunan dauri. Muhammadu Rumfa ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, wannan agwagwar ba ta iso ba tukuna. In labarin na buƙatar tsuntsun ruwa, ga dinya, ga kirinjijiya, suna nan a fadamun Haɗeja da Nguru. Zabo kam a sa shi ko a tukunyar sarki.